Hancina Ne Shaidar Babanku

Ran bikin jikata, 'yar Talatu, na ji maganar da ta sa na zauna rubuta wannan, ni da idona ya gaji da karatu ma balle rubutu. Ina zaune bayan rumfa ina jiran a kawo mini abinci, sai na ji wata mata, wadda ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana gaya wa ta kusa da ita wai kakan amarya mutumin kirki ne, da ba don giya ta kayar da shi ba da ya zama babban fasto. Har da girgiza kai take faɗa, wai ita mai tausayi. Kai, ranar abincin nan bai shiga ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yohanna, kana tsaye a wurin ka ji, ba ka ce uffan ba. A nan na gane ashe ku ma 'ya'yansa ba ku tabbata ba. To, ku zauna ku ji daga bakin wadda ta kwana ɗaki ɗaya da shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba zan ɓoye muku ba, babanku Iliya ya sha giya, ya sha ta irin shan da ba ku taɓa gani ba. Amma wannan kafin a haifi yawancinku ne. Lokacin da na aure shi yana aiki a kulob ɗin Turawan kuza, shi ke yanke ciyawar fili, shi ke zuba farar ƙasa a kan layi, da yamma kuma ya kwashe kofuna. A wurin ya koyi abu biyu. Ya koyi wani wasa da Turawan suke ce wa ragbi, don in mutanensu ba su cika ba sukan jawo shi ya cike gurbi, ga shi ƙato. Ya kuma koyi shanye ragowar da suke bari a gindin kofi. Daga ragowa ya koma burkutu, daga burkutu ya koma duk abin da aka miƙo masa. Na sha ɗauko shi daga kwata. Akwai ranar da masu wanki suka jawo shi daga bakin kududdufin kuza a Naraguta, ƙafafunsa suna cikin ruwa, yana ta minshari abinsa. Bayan wannan ne ya tuba, ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, aka ba shi aikin mai bishara a wata ƙaramar majami'a a Kabong, da gida mai ɗaki biyu da falo a bayanta. Kowa ya ce Allah ya yi abin al'ajabi. Ni ma na ce amin, amma ban yarda da shi ba.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai na ƙirƙiro wata dabara tawa. Duk ranar da ya dawo gida, daga wa'azi ne ko daga jana'iza, nakan tare shi da ruwa a wani farin kofin tasa mai shuɗin baki. In ya sha ya miƙo mini, sai in zaga bayan ɗaki kamar zan wanke, in kai kofin hancina. Matan zumuntar majami'a suna ta yabona wai na iya tarairayar miji. Ba su san bincike nake yi ba. Shekaru na yi a haka ban ji komai ba sai warin goro, amma ban daina ba, kuma ko yau ba na jin kunyar faɗa.

Shekarar da na haifi Talatu, sojoji suna kan mulki ana ta maganar za su miƙa wa farar hula, kamfanonin kuza kuwa sai sallamar mutane suke yi. Samarin da da ubanninsu za su sa su aikin haƙa duk suka zube a kasuwar Farin Gada suna lodin dankali da kabeji. Akwai wata ƙwaya da suke haɗiya don su iya ɗaukar buhu tun safe har dare ba su ji gajiya ba. In an tashi aiki kuma barci ya ƙi zuwa, sai su bi da wiwi da burkutu. Yaro ɗan shekara goma sha wani abu, ka ga idonsa kamar garwashi. Babanku yana bi ta kasuwar kullum yana dawowa shiru. Wata rana da safe na shiga ɗaki na tarar ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani ƙwallo mai kama da gwanda, yana shafa masa man shanu.

Na ce, "Malam, wannan na me?"

Ya ce, "Na yaran kasuwa."

"Su yaran kasuwa gwanda suka ce maka suna so?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ƙwallon nan daga kulob ya fito, inda giya ta fara kama shi, kuma ni duk abin da ya fito daga can ba na son ganinsa a ɗakina.

Kafin damina ta yi nisa ya tara su. Yakan kai su wani fili a Naraguta, kusa da kududdufin nan da ya kusa cinye shi, in sun gama su biyo shi gida a yi addu'a a sha kunu. Wa ke dama kunun? Ni. Na dama, amma kafin su iso nakan kwashe tukwanena da rediyo in kai uwar ɗaki in kulle. Akwai 'ya'yan ikilisiya a cikinsu, akwai Musulmi 'ya'yan teloli da direbobi, su in an fara addu'a sukan koma gindin mangwaro su jira kunu, bai taɓa tilasta musu ba. Babbansu wani dogo ne, Danladi, wanda uwarsa ta kore shi daga gida don ya sayar da keken ɗinkinta ya sha. Shi ne mai yawan gaisuwa, yana durƙusawa har ƙasa yana Mama kaza Mama kaza. Ni kuwa yawan ladabin nan nasa ne ya sa na fi sa masa ido.

Wata Asabar na goya Talatu na bi su filin, don gani ya kori ji. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Mutum yana son zuwa gaba amma sai ya jefa ƙwallo baya. A ruga da gudu a rungumo ɗan mutane a maka shi da ƙasa, ya tashi yana dariya da taɓo a baki. Can sai babanku ya busa usur, suka taru suka rungumi juna, suka sunkuya, suka cusa kawunansu wuri ɗaya suna ture-ture. Su suna ce masa sikiram, ni kuwa karon raguna na sa masa. Shi ma babanku, da girmansa da aikinsa, ya cusa kansa a tsakiya. Na ce a raina, yawwa, ga inda ake miƙa kayan. Wa ya san abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin wannan rumfar ta mutane?

Da muka dawo na tsare shi. Na ce me suke ɓoyewa a ciki.

Ya ce, "Maman Yohanna, ai a nan ne kaɗai ba a iya ɓoye komai. In ƙwallon ƙafa ne, yaro zai sha abinsa ya tsaya can gefe, ba wanda zai sani. A wannan kuwa kumatu na gogar kumatu, kowa na haki. Wanda ya sha burkutu za a ji, wanda ya busa wiwi za a ji. Mai ƙwaya kuma zuciyarsa za ka ji tana dukan kafaɗarka kamar ganga."

"In an ji fa?"

"Ba a korar kowa. Ya fita ya riƙe bokitin ruwa, yana kallo 'yan'uwansa suna wasa ba shi. Wannan ya fi bulala ciwo."

Maganar ta shiga kunnena, amma ban bari ya gani ba. Na ce Allah ya kyauta, na wuce madafa.

Daga nan ne ya fara dawowa gida rigarsa tana warin burkutu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wannan tsamin nan da na sani kamar sunana, wanda na wanke daga zanin gado shekara da shekaru. Ran farko da na ji, na ruga na ɗauko kofi. Na ba shi ruwa, na zaga baya, kofi lafiya lau. Amma ran wanki na sa hannu a aljihun rigarsa na ciro kanumfari cike da tafin hannu. To, duk matar mashayi ta san aikin kanumfari, shi suke taunawa don ya kashe wari. Na tambaye shi, ya ce daga hannun yaran yake ƙwacewa kafin su shiga fili, don sun fara yi masa wayo. Amsar tana da kyau. Sai dai ni na zauna da mutumin nan lokacin da yake sha, kuma a lokacin ma amsoshinsa duk masu kyau ne. Na daina barci sosai. Ina tsoro, tsoro na gaske, ina kallon ku kuna barci a jere a tabarma ina tuna kwatar da na sha ɗauko shi.

Ana cikin haka matar Baba Bitrus, babban dattijon ikilisiyarmu, ta zo wai ta zo ganin jaririya. Ta ɗauki Talatu ta yi mata wasa, ta yaba kitsona, sannan ta sauke murya.

"'Yar'uwa, ba gulma na kawo ba. Amma an ga Malam a gidan Ngo Kaneng. A zaune a benci, da ƙoƙo a hannu."

Na ce, "Wa ya gan shi?"

"Mutane."

"Su mutanen me suka je yi a can?"

Ta ajiye mini 'yata ta tafi tana cewa daga taimako. Na mayar mata da magana don kada ta ga gadon barcina, amma tana fita na zauna a ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Gidan Ngo Kaneng gidan burkutu ne a can bayan kasuwa, kuma shi ne gidan da babanku ya fi zama a zamanin shansa.

Ban tambaye shi ba, don na gaji da amsoshi masu kyau. Na jira. Wata Juma'a ya ce Danladi ya kwana biyu bai zo fili ba, zai je nemansa. Yana fita na goya Talatu na bi bayansa daga nesa, da rana tsaka, ina ratsa masu tumatir ina ɓuya bayan motocin lodi kamar ɓarauniya. Ya shiga gidan. Na zaga ta baya inda dangar zana ta ɓule, na sa ido.

Sai kun san al'adar irin waɗannan gidaje za ku gane abin da na gani. Duk wanda ya shigo, mai gida takan ɗebo masa ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo, kyauta, ya ji ko na ranar ya yi. In ka ƙi karɓa ka zage ta, ka ce abinta ƙazanta ne. Kuma ba a zama a bencinta hannu wofi, don benci na masu saye ne. Mai wa'azin da ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga murya, dariya ake yi masa a watsa masa dusa. Babanku ya san wannan sarai. Saboda haka ya shiga ya gaishe ta da yarensu, ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya je ya zauna kusa da Danladi, wanda ya riga ya yi tatil, kansa a jingine da bango.

Na ji Ngo tana cewa da irin Hausarta, "Malam, kullum ka karɓa, kullum ka zubar wa kaji. Kajina ya fara tangaɗi fa."

Aka yi dariya. Ya yi murmushi, ya juya yana yi wa Danladi magana ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da yake faɗa ba. Danladi bai ko ɗago ba. Aka daɗe a haka, har babanku ya gaji ya yi shiru. To, shirun nan ne ya kawo abin. Na ga idonsa ya sauka kan ƙoƙon da ke hannunsa. Na ga ya tsaya yana kallon kumfar. Na ga ya lashi leɓensa. Fuskar nan na san ta, fuskar da na aura ce, ba ta mai bishara ba. A hankali ƙoƙon ya fara tashi sama. Na damƙe zanar da hannu biyu. Na ce shi ke nan, Rifkatu, kin koma gidan jiya.

Sai ga hannu ya fito ya dafe ƙoƙon. Danladi ne, wanda nake zaton barci yake yi. Ya fizge shi ya kife a ƙasa, ya miƙe yana layi, ya kama babanku a wuyan riga.

"Haba Malam! Haba oga! Gobe fa akwai wasa. In ka cusa kai muka ji wari, wallahi bokiti za ka riƙe."

Babanku ya dube shi kamar wanda aka tasa daga barci.

Danladi ya ce, "Tashi mu tafi. Nan ba wurin zamanka ba ne."

Haka suka fito, mashayi yana jan mai bishara, kowa ya rataya hannu a wuyan ɗan'uwansa, ba ka sanin wa ke tallafe da wa. Ko leɓensa ya taɓa ƙoƙon kafin a fizge? Ban gani ba, kafaɗar Danladi ta tare ni, kuma ba zan ce na ga abin da ban gani ba. Abin da na sani, na riga shi isa gida, na ba shi ruwa, na zaga baya na daɗe da kofin a hancina. Babu burkutu, babu kanumfari. Na tsuguna a wurin na yi kuka, na tsoro ne ko na godiya, ni kaina ban sani ba.

Ran Lahadi bayan sujada dattawa suka ce mu tsaya, ni da shi. Aka rufe ƙofar majami'a, aka jawo benci. Kada ku ɗauka Baba Bitrus mugu ne. Shi ya tsaya wa babanku aka ba shi aikin tun farko, lokacin da wasu suke cewa hali zanen dutse ne. Ranar idonsa ya yi ja don baƙin ciki. Ya ce maganar ta cika gari, 'yan ikilisiya sun fara cewa in mai bishara yana zama gidan burkutu su me zai hana su. Ya tambayi babanku, shi kuma ya ce bai sha ba. Sai dattijon ya juyo gare ni.

"Rifkatu, ke ce matarsa. A gaban Allah, yana sha ko ba ya sha?"

Na ce, "Baba, bai sha ba. Da ya sha da ni zan fara kawo muku ƙararsa, ba sai matar wani ta riga ni ba."

Na ga sun saki numfashi. Da na tsaya nan da an wuce wurin da ɗan gargaɗi. Amma a gaban Allah aka ce, ni kuwa ba a yi mini rabin tambaya in ba da rabin amsa.

Na ce, "Amma yana so. Na gani da idona ran Juma'a. Saura ƙiris."

Babanku ya sunkuyar da kai. Bai musa ba. Baba Bitrus ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce to magana ta fito, ba a ba kura ajiyar nama. Ya ce saboda ransa da sunan ikilisiya, ko dai ya bar shiga waɗannan gidaje, ya sallami yaran kasuwa ya tsaya ga aikin da aka ɗauke shi, ko kuwa ya ajiye aikin ya ba da makullin gida. Babanku ya ce in bai shiga inda suke ba, ba za su fito ba, ya gwada tsayawa a ƙofa. Sannan ya faɗi abin da ban zata ba.

"Gidan nan ba ni kaɗai nake kwana a ciki ba. Ita da yara za a fitar. Abin da ta ce shi zan yi."

Duk suka zubo mini ido, kuma na san abin da suke jira. Sun san ba na son yaran nan, duk Kabong an san ina kulle tukwane. Ni ma ina son gidana. Ina son simintin da nake gogewa, da famfon da ke ƙofa, da makarantar mishan da Yohanna yake zuwa ba a karɓar mana komai saboda aikin ubansa. Amma ina zaune a bencin nan lissafi ɗaya nake yi, kuma ba na bangaskiya ba ne, kada wani ya mayar da ni waliyyiya bayan raina. Na ga ƙishin nan yana nan a cikinsa, bai mutu ba, kwanciya ya yi. In aka raba shi da yaran ya koma zaman falo da Littafi a cinya, wa zai tsare shi? Ni kaɗai da kofina, ni da sai ya riga ya sha nake sani. A fili kuwa akwai ƙattai cike da mota masu cusa hanci a bakinsa, masu jiran su kama shi su ba shi bokiti su yi masa dariya. Kuma ran Juma'a ba dattijo ba ne ya kife ƙoƙon, ba ni ba ce.

Na ce, "Baba, ku karɓi makullinku."

Ya ce, "'Yata, kin yarda da shi har haka?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba. Don ban yarda da shi ba ne. Hanci ɗaya ya yi masa kaɗan."

Ba su gane ba, ni kuma ban tsaya bayani ba. Abin da ya fita gari shi ne an sauke Malam Iliya kan maganar giya, matarsa ma ta ba da shaida. Daga nan ƙaryar da kuka ji ran biki ta samo asali.

Abin ya ci mu, ba zan ce bai ci ba. Muka koma ɗaki ɗaya a bayan Farin Gada, rufinsa yana zuba, mu da ku duka. Yaran ne suka kwashe mana kaya a ka, Danladi yana gaba da akwatina, ni ina binsa a baya ina kallon hannunsa. Babanku ya shiga lodi tare da su, mutumin da ake ce wa Malam ya koma ɗaukar buhun dankali. Na fara suyar ƙosai a bakin tasha. A zumuntar mata ni ce mai kaɗa tulu in ana waƙa, aka ba wata ba a ko gaya mini ba, wannan ya yi mini ciwo fiye da gidan. Kai kuma Yohanna aka fitar da kai daga makarantar mishan, ka yi shekara a gida kafin ka sami ta gwamnati, abokanka suka wuce ka. Na san har yau abin yana ranka, kuma na san ubanka kake ɗora wa laifi. To, ka sauke masa. Ni na ce a karɓi makullin, in akwai mai amsa tambayarka ni ce, kuma ina nan da raina.

Ba duka yaran suka tsira ba. Akwai wanda aka tsamo daga kududdufi, akwai wanda ya haukace yana yawo a tasha har ya mutu. Danladi kansa ya faɗi ya tashi ya fi a ƙirga kafin ya tsaya da ƙafarsa ya zama direba. Duk ranar da ɗayansu ya faɗi, babanku zai je ya zauna a bencin Ngo da ƙoƙo a hannu, sai dai daga wannan shekarar bai ƙara shiga shi kaɗai ba, sai da biyu daga cikin yaran, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ni na kafa wannan dokar.

Yammar da muka tare a sabon ɗakin, kaya a zube ko'ina, na tono farin kofin daga cikin kwando na ba shi ruwa. Ya sha. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya riƙe. A ɗaki ɗaya babu bayan ɗakin da zan zaga, ina ta tunanin yadda zan yi.

Ya ce, "Rifkatu, ki bar kofin nan ya huta haka. Tun muna Kabong nake jin tausayinsa."

Na ce, "Ka sani?"

"Tun ran farko. Sau nawa ina hanya abin ya taso mini, in tuna akwai kofi a gida." Ya matso. "Zo. Ga bakin nan, ki daina bi ta hannun ɗan aike."

Ya hura mini iska a fuska, yadda suke yi a fili. Na ture shi na ce Allah ya sawwaƙe, warin albasa. Amma daga ranar haka muka yi, duk dawowar da zai yi, a bakin ƙofa, har ya tsufa har haƙoransa suka zube. Kun sha ganinmu kuna dariya kuna cewa Baba da Mama ba sa jin kunya. Ba abin da kuke zato ba ne. Ban taɓa daina zarginsa ba, shi ma bai taɓa roƙona in daina ba.

Ranar da ya cika a asibiti kuna waje, Danladi ya tafi kawo mota. Babanku ya riga ya daina magana. Ya ɗago yatsa ya kira ni, na sunkuya ina zaton wasiyya zai bari. Sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya hura mini. Na shinshina sosai, yadda na saba, don ban ga dalilin yi masa sassauci ran ƙarshe ba. Warin magani ne kawai. Na ce masa, "Ka wuce, Malam, ba za ka riƙe bokiti ba."

Saboda haka duk wanda ya ƙara ce muku giya ta kayar da babanku, kada ku yi shiru kamar yadda Yohanna ya yi. Ku tambaye shi ina hancinsa yake a duk shekarun nan. Nawa yana bakin ƙofa.